Wace doka ce ta Tsohon Alkawari take kanmu? Amsa ga wani matashi a Damagaram

Wani matashi daga ikkilisiya, mai gyaran babura a nan Damagaram, ya aiko da wannan tambaya:

"Baba, salama. Abu biyu ne suka hana ni sukuni. Abokin aikina a gareji musulmi ne, mutumin kirki. Ya ce Littafinmu ya haramta naman alade, ya umarci kaciya, ya ce a kiyaye Asabar, amma mu mun tsinci abin da muke so mun bar saura. Na rasa abin ce masa. Na biyu, wani baƙon mai wa'azi ya karanta mana Maimaitawar Shari'a 28 da Malakai 3, ya ce talauci da ciwo alamar la'ana ce a kan wanda bai cika zakka ba. Mahaifiyata tana kwance shekara biyu ke nan. Ayoyin nan namu ne, ko na Isra'ilawa ne?"

Ɗana, salamar Ubangiji ta tabbata gare ka, Allah kuma ya ba mahaifiyarka sauƙi. Bari in fara da abin da ya fi ƙona maka rai: ciwonta ba shaida ba ne cewa Allah ya la'ane ta, zan kuwa nuna maka dalili daga cikin Littafin kansa. Tambayoyinka biyu ta ƙofa daban-daban suka zo, amma ɗaki ɗaya suka shiga. Da abokinka da wancan mai wa'azi, kowannensu ya ɗauko aya ya ɗora maka ba tare da ya tambaya a ƙarƙashin wane alkawari aka faɗe ta ba, wa kuma aka faɗa wa.

Na daɗe ina koyar da Littafi Mai Tsarki, abin da na ga ya fi sa mutanenmu tuntuɓe shi ne ɗaukarsa kamar buhun hatsi, duk tiyar da ka ɗiba daidai take da ƴar'uwarta. Littafin nan labari ne mai farko da tsakiya da ƙarshe, abin da ya ɗinke shi kuwa alkawuran da Allah ya yi da mutane ne. Ko sunan sassansa biyu ya isa ya gaya maka: Tsohon Alkawari, littattafai 39 a lissafin ikkilisiyoyinmu, da Sabon Alkawari, littattafai 27.

Kalmar a Ibrananci ita ce berit, ta fito fiye da sau 280. Tana da nauyin da "alkawari" na bakin titi ba shi da shi. In wani ya ce zai leƙo ka gobe, alkawari ne, amma ba berit ba ne. Berit ya fi kama da ɗaurin aure: ga waliyyai, ga shaidu, ga sadaki, an raba goro, gidaje biyu da ba su haɗa jini ba sun zama dangi. Ya kuma yi kama da amanar da ƙananan garuruwa suke shiga da babban sarki, irin ta zamanin Sarkin Damagaram Tanimun: sarki ya kare gari, gari ya kawo haraji, kada kuma ya haɗa baki da abokin gāban sarki. A 1954 wani masani Ba'amurke, George Mendenhall, ya nuna cewa yarjejeniyoyin da sarakunan Hittiyawa suke yi da sarakunan da ke ƙarƙashinsu suna da tsari sananne. Babban sarki zai faɗi sunansa, ya tuna alherin da ya riga ya yi, ya gindaya sharuɗɗa, a kira shaidu, a ƙare da albarka ga mai riƙewa da la'ana ga mai cin amana. Buɗe Maimaitawar Shari'a ka bi ta daga farko, za ka ga kusan wannan tsari ne. Ka riƙe wannan, don sura ta 28 da aka tsorata ku da ita sashen albarka da la'ana ne na wata takardar amana, mai ɗauke da sunan waɗanda aka ƙulla da su.

Alkawarin da ya fi kowanne faɗi shi ne na Nuhu, a Farawa 8 da 9. Allah ya yi shi da dukan mai numfashi, har dabbobi: ba zai sāke hallaka duniya da ruwan tsufana ba, shuka da girbi, sanyi da zafi, dare da rana ba za su daina ba. Alamarsa bakan gizo. Shi ya sa in hadari ya taso daga gabas a watan Yuli, gonar Kirista da ta musulmi da ta wanda ba ya salla ba ya sujada duk tare suke jiƙa. Yesu ma ya faɗi haka a Matiyu 5:45.

A wurin Ibrahim nake so ka zauna ka daɗe. A Farawa 12 Allah ya yi masa alkawarin zuriya da ƙasa, ya kuma ce ta wurinsa dukan kabilan duniya za su sami albarka. Sunanmu yana cikin wannan jimla ta ƙarshe, mu Hausawa da Barebari da Buzaye da Fulani. Sai ka je sura ta 15. Ibraniyawa ba sa cewa an ƙulla alkawari, cewa suke an yanka shi, a nan za ka ga dalili. Allah ya ce wa Ibrahim ya kawo karsana da akuya da rago, kowanne ɗan shekara uku, da kurciya da ɗan tattabara. Ya tsaga dabbobin biyu biyu, ya jera ɓangarorin suna fuskantar juna, hanya a tsakani. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahauta da sassafe ya san yadda wurin zai kasance, jini yana bin ƙasa, tsuntsaye masu cin nama suna saukowa, tsoho yana korarsu. A al'adar lokacin, masu alkawari sukan ratsa ta tsakanin naman, ma'ana, in na ci amana a yi mini yadda aka yi wa dabbar nan. Irmiya 34:18-20 ya tabbatar da wannan ma'ana. To, da rana ta faɗi, barci mai nauyi ya kwashe Ibrahim. Tukunyar wuta mai hayaƙi da jiniya mai ci, alamar Allah kansa, su ne suka ratsa. Ibrahim bai taka ko sau ɗaya ba. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, a daren nan Allah shi kaɗai ya ɗauki kayan. A cikin surar nan ne kuma, aya ta 6, aka ce Ibrahim ya gaskata Ubangiji, aka lasafta masa wannan adalci ne. Kaciya ba ta zo ba sai sura ta 17, yana da shekara 99.

Sa'an nan Sina'i, dutsen da Allah ya ba Musa Shari'a. Bulus ya ce shekara 430 ke tsakani, Shari'ar da ta zo daga baya kuma ba ta soke alkawarin da aka riga aka tabbatar ba (Galatiyawa 3:17). Kada ka yarda wani ya ce maka Isra'ilawa da aikinsu suka sami ceto, mu kuma da alheri. Dokoki goma da kansu sun fara ne da tuna cewa Ubangiji ne ya fisshe su daga bauta a Masar. An fanshe su tukuna, sa'an nan aka ba su doka. Amma wannan alkawari yana da abin da na Farawa 15 ba shi da shi. A Fitowa 24 jama'a suka amsa da baki ɗaya cewa duk abin da Ubangiji ya faɗa za su yi. Musa ya yayyafa rabin jinin hadaya a kan bagade, saura a kan mutane. Yanzu kayan yana kansu su ma. Al'umma ɗaya ce, da ƙasa ɗaya, da firistoci daga kabila ɗaya, da wurin hadaya ɗaya, zamansu a ƙasar kuwa ya rataya a kan biyayyarsu.

Na Dawuda yana 2 Sama'ila 7. Ya so ya gina wa Allah ɗaki, Allah ya ce shi ne zai gina wa Dawuda gida, gadon sarautarsa kuma ya dawwama. Zabura 89 ta kira wannan alkawari, ta kuma yi kuka cewa ga rawanin ya faɗi a ƙura. Ya faɗi kuwa. Samariya ta faɗa hannun Assuriyawa a shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu, Urushalima ta faɗa hannun Babila wajen 586, aka ƙone Haikali. La'anar da ke cikin Maimaitawar Shari'a 28, fari da fara da annoba da kora daga ƙasa, ta sauka a kan waɗanda aka ƙulla amanar da su, kamar yadda aka rubuta.

A cikin wannan toka ne Irmiya ya yi maganar da babu kamarta a Tsohon Alkawari, sura 31, aya 31 zuwa 34. Kwanaki suna zuwa da Ubangiji zai yi sabon alkawari, ba irin wanda ya yi da kakanninsu ranar da ya kama hannunsu ya fito da su daga Masar ba, wanda suka karya. Zai rubuta dokarsa a zuciyarsu, dukansu za su san shi daga ƙarami har babba, ba zai ƙara tuna zunubinsu ba. Ka lura, ɗana, annabin da ke ƙarƙashin alkawarin Musa ne ya ce za a maye gurbinsa. Ba Bulus ya ƙago maganar ba, ba Turawa suka kawo ta ba. Kusan shekara 600 bayan haka, a daren Idin Ƙetarewa, Yesu ya ɗauki ƙoƙo ya ce wannan ne sabon alkawari a cikin jininsa (Luka 22:20). Wanda ya ratsa tsakanin naman a gaban Ibrahim ya zo ya biya abin da ya ɗauka. Ibraniyawa 8 ta kwafo maganar Irmiya dungurungum, ita ce doguwar aya mafi tsawo da Sabon Alkawari ya ɗauko daga Tsohon, ta ƙare da cewa tun da an ce sabo, na fari ya tsufa ke nan. Kalmar Helenanci, diyateke, tana kuma nufin wasiyya, shi ya sa Ibraniyawa 9:16-17 ta ce ba a zartar da ita sai mai ita ya mutu. Kowa a garin nan ya san ba a rabon gado mai dukiya yana raye.

Abokinka zai iya cewa, wato an shafe ke nan, irin nasihi da mansuhi da malamai suke bayani. Akwai kama, amma kalmar da Yesu ya zaɓa daban ce. A Matiyu 5:17 ya ce bai zo don ya rushe Attaura da annabawa ba, sai don ya cika su. Ka dubi baiko da aure. Lokacin baiko akwai ƙa'idodi: zance a zaure, ƙanen yarinya yana kusa, ba a wuce lokaci. Ranar da aka ɗaura aure aka kai amarya, waɗannan ƙa'idodi sun gama aikinsu. Ba wanda zai ce kuskure ne tun asali, ba kuma angon da zai koma zaure yana aike a yi masa sallama da matarsa. Amma kunya da amana da mutunta iyaye, waɗanda ƙa'idodin suke karewa, suna nan, sun ma ƙara nauyi. Bulus ya ba da nasa misalin a Galatiyawa 3:24-25. Ya ce Shari'a kamar baran gida ce da ake ba shi yaro ya raka shi makaranta yana tsaronsa, har ya kawo mu ga Almasihu.

Kada wannan ya sa ka raina Tsohon Alkawari. Wani mutum mai suna Markiyon ya yi haka, ya ce Allahn Musa daban, Uban Yesu daban, ya yar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya. Ikkilisiyar Roma ta fitar da shi wajen shekara ta 144, Ireniyus na Liyon kuma ya yi rubutu mai tsawo yana nuna Allah ɗaya ne yake renon ɗan Adam mataki mataki. Nakan ji ƙanshin koyarwar Markiyon duk lokacin da matashi ya ce mini, ai wannan Tsohon Alkawari ne, kamar ya gama magana. Sa'ad da Bulus ya rubuta wa Timoti cewa kowane Nassi hurarre ne daga Allah, mai amfani ne, littattafan da Timoti ya sani tun yana yaro su ne waɗannan. Alkawarin Sina'i ya ƙare a matsayin takardar amanar da ke kanmu. A matsayin maganar Allah kuwa, kowace aya tasa tana koyar da mu har gobe.

To, yaya za ka yi in ka ci karo da doka? Malamai na dā, irin su Toma Akwinas da waɗanda suka rubuta Shaidar Bangaskiya ta Westminista a Landan a 1646, sun raba dokokin kashi uku: na halin kirki, na ibada da hadaya, da na mulkin ƙasa. Suka ce na farko yana nan, na biyu ya cika a cikin Almasihu, na uku ya wuce tare da daular Isra'ila, sai dai adalcin da ke cikinsa. Rabon yana da taimako, ni ma da shi na fara koyarwa. Amma Musa bai jera su haka ba. Littafin Firistoci 19:18 ya ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, aya ta 19 da ke bin ta ta hana shuka iri biyu a gona ɗaya, ga shi kowane manomi daga Mirya har Tanut yana surka hatsi da wake. Saboda haka na fi so ɗalibi ya yi wa aya tambaya. Wa aka faɗa wa, a ƙarƙashin wane alkawari? Me take nunawa game da halin Allah? Me Yesu da manzanninsa suka yi da ita, sun maimaita ta, sun zurfafa ta, ko sun ce ta cika? Aya ba ta tsallako daga Sina'i ta faɗo Damagaram kai tsaye, sai ta bi ta Kalfari, inda aka gicciye Yesu.

Ga misali daga sana'arka. Maimaitawar Shari'a 22:8 ta ce wanda ya gina sabon gida ya ja wa rufin rawani, kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau gidan. Mu da muka san sorayen Birni, muka san yadda ake hawa sama a sha iska in bazara ta yi tsanani, ba ma bukatar dogon bayani. Wanda rufinsa na kwano ne ba zai gina rawani ba, amma ayar ba ta sake shi ba. Ɗan kabu-kabu ya kawo maka babur, ka ga birkin ya cinye, yana sauri, ya ce ka ɗan ɗaure masa kawai. Ka san anjima zai ɗauki mace da goyo. Ayar nan tana tsaye a bakin garejinka a wannan lokaci. Haka Bulus ya yi da dokar da ta hana sa wa takarkari takunkumi yana sussuka: a 1 Korantiyawa 9:9-10 ya fitar da hakkin ma'aikaci daga cikinta.

Ka san kuma Kiristoci masu riƙe da Littafin nan da gaske sun bambanta a kan yadda alkawuran suke haɗuwa. Masu tauhidin alkawari, mabiya koyarwar malamin nan John Kalbin, sun ce alkawarin alheri ɗaya ne tun daga Farawa 3:15, tufafinsa ne kawai suke sauyawa, shi ya sa da yawansu suke yi wa jarirai baftisma kamar yadda aka yi wa ƴaƴan Ibrahim kaciya. Masu koyarwar zamanai, wadda John Nelson Darby ya yaɗa a ƙarni na 19, bugun Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield na 1909 kuma ya kai ta gida gida, sun raba tarihi zamani bakwai, sun ware Isra'ila daban, ikkilisiya daban. Da yawa daga masu bishara da suka zo ƙasashenmu daga Amurka da Kanada da wannan koyarwa suka taso, ka kuwa san a garin nan ne ƴan mishan na SIM suka fara aiki a Nijar a 1924. Ni dai ga inda na tsaya. Itacen zaitun na Romawa 11 guda ɗaya ne, Afisawa 2 ta ce an rushe katangar da ta raba, Galatiyawa 3:29 ta ce in kai na Almasihu ne, kai zuriyar Ibrahim ne. Ban ga jama'a biyu ba. Amma kuma sabon sabo ne da gaske, Irmiya ya ce dukan waɗanda ke cikinsa za su san Ubangiji, shi ya sa na fi natsuwa da baftismar wanda ya ba da gaskiya da bakinsa. Ina da ƴan'uwa na ƙwarai a kowane ɓangare, muna cin Jibin Ubangiji tare.

Yanzu Maimaitawar Shari'a 28 da Malakai 3. A Maimaitawar Shari'a 28, ayoyi 14 ne na albarka, 54 na la'ana, duka kuwa an faɗa wa al'umma ce a bakin shiga Kan'ana, a kan kiyaye dukan Shari'a, ba zakka kaɗai ba. Wanda ya ce yana son albarkar surar ta hanyar cika sharaɗinta, to, ya ɗauki sharaɗin duka, Bulus kuwa ya ce duk mai dogara ga wannan yana ƙarƙashin la'ana, don ba mai cikawa (Galatiyawa 3:10). Aya uku a gaba ya ce Almasihu ya fanshe mu daga la'anar Shari'a da ya zama la'ana dominmu. In an ɗora wa Yesu ita a kan gicciye, wane ne zai sauko da ita ya ɗora wa mahaifiyarka? Almajirai sun tambayi Yesu zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ce ba nasa ba, ba na iyayensa ba (Yahaya 9:3). Bulus ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas. Timoti yana fama da ciwon ciki. Shi kansa Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya, aka ce masa alherin ya ishe shi. Mun gani da idonmu a nan. Bayan farin da farar 2004, yunwar 2005 ba ta tsallake rumbun masu ba da zakka ba. Ranar 16 ga Janairu 2015, da aka ƙone majami'u a garin nan, waɗanda suka rasa komai ba su ne suka fi kowa zunubi ba, wasunsu ma a gidajen maƙwabta musulmi suka sami mafaka.

Malakai kuwa, da ya ce masu hana zakka suna yi wa Allah sata, yana magana ne da mutanen Yahuza bayan dawowa daga Babila, game da rumbun Haikali da abincin Lawiyawa, masu hidimar Haikali, waɗanda ba su da gādon ƙasa. Ga abin da ba a cika karanta muku ba: Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ta ce kowace shekara ta uku a tara zakkar a cikin gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Ko a ƙarƙashin Musa, gwauruwa mai ci ce daga zakka. Na taɓa zuwa wani ƙauye ta hanyar Magarya, na tarar da wata tsohuwa da mijinta ya rasu, turken akuyarta ba kowa, igiyar tana yashe a ƙasa. Ta sayar da ita ta ba wani mai wa'azi da ya ce ta shuka iri don a kawar mata da la'ana. Jikanta yana tsaye riƙe da ƙwaryar da ake tatsar nono a ciki. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Ba ina hana bayarwa ba ne. Ibrahim ya ba Malkisadik kashi ɗaya cikin goma tun kafin Sina'i, ni ma da wannan ma'auni nake farawa, ikkilisiyar da ƴaƴanta ba sa bayarwa kuwa fastonta zai kwana da yunwa. Amma ƙa'idarmu tana 2 Korantiyawa 8 da 9: kowa gwargwadon abin da yake da shi, yadda ya yi niyya a zuciya, ba da tilas ba, yana duban wanda ya zama matalauci dominmu. Kuɗin maganin mahaifiyarka ba satar Allah ba ne. Karanta Markus 7:9-13 ka ga abin da Yesu ya ce wa masu hana iyaye taimako da sunan baiko ga Allah.

Saura abokinka. Ka yi masa magana da ladabi, tambayarsa mai kyau ce, manzanni ma sai da suka yi taro a kanta a Urushalima wajen shekara ta 49, yana nan a Ayyukan Manzanni 15. Game da kaciya, Romawa 4 ta nuna an karɓi Ibrahim tun bai yi ta ba, ita hatimi ce a kan abin da ya riga ya samu. Bulus ya yi wa Timoti kaciya don kada ya zama abin tuntuɓe ga Yahudawa, ya ƙi a yi wa Titus don wasu sun mai da ita sharaɗin ceto. Mu ma muna kai ƴaƴanmu wurin wanzami ko asibiti, al'ada ce mai kyau, ba ita ce ƙofar Mulkin Allah ba. Asabar kuwa Fitowa 31:16-17 ta kira ta alama tsakanin Allah da Isra'ilawa. Kolosiyawa 2:16-17 ta ce inuwa ce, ainihin na Almasihu ne, Kiristocin farko kuma suna taruwa ranar farko ta mako saboda tashinsa. Akwai ƴan'uwa da suke ɗaukar Lahadi a matsayin Asabar ta Kirista, akwai masu riƙe da Asabar ɗin kanta, Romawa 14:5 ta ce kowa ya tabbata a ransa. Abin da ba na so ka yar shi ne hutun, naka da na yaran da ke koyon aiki a hannunka.

Naman alade shi ne zai fi tsaya masa. Ka buɗe masa Littafin Firistoci 11, ku karanta tare. Surar da ta haramta alade ta haramta raƙumi a aya ta 4, ta haramta zomo, ta haramta kifi marar ɓawo irin tarwaɗa, ta kuma halatta fara, wadda muke soyawa da yaji. Shi kansa ya san naman raƙumi halal ne a wurinsa, ke nan ya yarda akwai abin da aka hana Bani Isra'ila su kaɗai. Alƙur'ani ma, a Ali Imrana aya ta 50, ya ambaci Isa yana halatta musu wani sashe na abin da aka haramta musu. Firistoci 20:24-26 ta faɗi dalilin dokar: don a keɓe su daga sauran al'ummai. An ba Nuhu kowace dabba a Farawa 9:3, an taƙaita wa Isra'ila, sa'an nan a Markus 7 Yesu ya ce abin da ke fitowa daga zuciya ne yake ƙazantar da mutum. Da lokaci ya yi da bishara za ta shiga gidan Karniliyas, wanda ba Bayahude ba ne, wahayin dabbobi aka nuna wa Bitrus.

Duk da haka ni ban taɓa shigar da naman nan gidana ba, ba kuwa zan shigar ba. Wasiƙar taron Urushalima ta roƙi ƴan'uwa waɗanda ba Yahudawa ba su guji wasu abubuwa domin a kowane gari akwai masu jin karatun Musa, Bulus kuma ya ce in nama zai sa ɗan'uwansa tuntuɓe, ya bar nama har abada. Muna zaune cikin mutanen da muke cin tuwo a akushi ɗaya da su, suna kawo mana naman layya, muna kai musu abincin Kirsimeti. Ina so maƙwabcina ya sa hannu a kwanon gidana ba tare da ya yi tambaya ba. Ka gaya wa abokinka haka, in kuma ya so ku ci gaba, ku fara daga Farawa 15, tun da Ibrahim ba baƙo ba ne a wurinsa. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ni da dattawa biyu muna tafe ranar Laraba da yamma mu yi addu'a tare da ita, ka kuma ajiye mini takardar likita in duba abin da ya rage na magani.